Wace ƙwarewa ta rage wa mai ɗaukar hoto?

A daidai lokacin da wayar salula ta mayar da kusan kowa mai ɗaukar hoto, manyan kamfanonin dillancin labaru da masu shirya gasar hotuna ta duniya na fama da wata matsala da ke daɗa girma, wato yadda za a tabbatar cewa abin da ke cikin hoto ya faru da gaske. Wannan al'amari ya fara sauya ma'anar ƙwarewa a sana'ar baki ɗayanta.

A watan Afrilun shekara ta 2023, a birnin Landan, wani Bajamushe mai ɗaukar hoto, Boris Eldagsen, ya hau dandali a wajen bikin ba da kyaututtuka na gasar hotuna ta duniya da kamfanin Sony ke ɗaukar nauyinta, inda ya bayyana cewa ba zai karɓi kyautar da aka ba shi ba. Hoton da ya ci gasar da shi, na wasu mata biyu a launin baƙi da fari, ya yi kama da wanda aka ɗauka tun zamanin kakanni. To amma babu kyamarar da ta taɓa ganin waɗannan mata, domin kuwa da manhajar ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Masu shirya gasar sun ce ya riga ya shaida musu cewa ya yi amfani da wannan fasaha, shi kuma ya ce manufarsa ita ce ya gwada ko irin waɗannan gasanni sun shirya wa abin da ke tafe.

Bayan shekara guda sai aka ga akasin haka. A watan Yunin 2024 wani mai ɗaukar hoto, Miles Astray, ya shigar da hoto na gaskiya a rukunin da aka keɓe wa hotunan ƙirƙirarriyar basira a wata gasa mai suna 1839 Awards. Hoton na wani tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu da ake kira filamingo, wanda ya cusa kansa cikin gashinsa har ya zama tamkar ba shi da kai. Alƙalan gasar suka ba shi lambar yabo, jama'a ma suka zaɓe shi, kafin daga bisani a soke nasarar bayan ya fasa ƙwai da kansa.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka duba hotunan biyu mutane ne da suka daɗe a harkar. Idan har ido irin nasu bai isa ya bambance ba, to ina ga na mai karatu da ke duba hoto a tafin hannunsa cikin daƙiƙa biyu?

Daga fim zuwa aljihu

A shekara ta 1975 ne wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, tana kuma ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Kamfanin, wanda arzikinsa ya dogara kan sayar da fim da takardar wanke hoto, bai yi gaggawar rungumar abin da ma'aikacinsa ya ƙirƙiro ba. A watan Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki.

Su ma kyamarorin da suka kori fim ba su daɗe suna cin kasuwa ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan sun nuna cewa a shekara ta 2010 kamfanonin da ke cikinta sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. Ya zuwa shekara ta 2023 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8, ko da yake ya ɗan farfaɗo a shekarar da ta biyo baya.

Kafofin yaɗa labarai sun fara ganin alamun sauyin tun a ranar 7 ga watan Yulin 2005, lokacin da aka kai hare-haren bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, inda hotunan da fasinjoji suka ɗauka da wayoyinsu cikin duhu da hayaƙi suka mamaye jaridu da gidajen talabijin. A watan Mayun 2013 kuma jaridar Chicago Sun-Times ta sallami dukkan ma'aikatan sashenta na hoto su 28, cikinsu har da John H. White wanda ya taɓa samun lambar yabo ta Pulitzer, ta kuma shiga koya wa wakilanta yadda za su ɗauki hoto da wayar iPhone.

Aikin da waya ta karɓe

A da, wanda ke son zama gwani sai ya laƙanci abubuwa uku da ke tafiya tare: faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta, da tsawon lokacin da ƙofar za ta kasance a buɗe, da kuma ƙarfin karɓar haske wanda ake aunawa da lambar ISO. Kuskure a ɗaya daga cikinsu kan sa hoto ya yi duhu, ko ya ƙone da haske, ko ya fito dishi-dishi, kuma a zamanin fim mai hoto ba zai san ya yi ɓarna ba sai bayan an wanke.

Wayoyin yanzu sun ɗauke wa mutum wannan lissafi, har ma sun wuce nan. Idan aka danna sau ɗaya, yawancinsu kan ɗauki hotuna da dama a jere cikin ƙiftawar ido, wasu masu haske wasu masu duhu, sannan su gauraya su su fitar da guda ɗaya. Da wannan dabara ce ake samun hoto mai kyau da daddare ba tare da kunna fitila ba.

Sai dai daga gauraya zuwa ƙari tazarar ba ta da yawa. A watan Maris na 2023 wani mai amfani da wayar Samsung ya ɗauko hoton wata, ya dusashe shi da gangan, ya sa shi a allon kwamfuta, ya kashe fitilar ɗaki, sannan ya ɗauke shi da wayarsa. Hoton da ya fito na ɗauke da ramuka da zane-zanen fuskar wata waɗanda babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar na gane wata idan ta gan shi, ta kuma yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fito da shi sarai. A watan Oktoban wannan shekarar kamfanin Google ya fito da wayar Pixel 8 wadda ke iya ɗauko fuskar mutum daga wani hoto ta ɗora a kan wani, domin kowa ya fito yana murmushi a hoton taro.

Ba dukkan wannan sa baki na na'ura ne abin zargi ba. Shekaru da dama kamfanonin fim na daidaita launi ne da hoton farar mace, abin da ya sa baƙar fata kan fito babu kyan gani. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya horar da kyamarorinsa kan fuskokin baƙaƙen fata, kuma wannan na daga cikin dalilan da ake bayarwa na yadda ya mamaye kasuwar waya a Afirka. Google bai fito da irin nasa gyaran ba sai a shekara ta 2021.

Abin da ya rage a hannun mutum

Duk da haka akwai abubuwan da har yanzu na'ura ba ta yanke wa mutum shawara a kansu, kuma na farkonsu shi ne haske. Ranar tsaka, musamman a ƙasashe masu zafi, kan sauko daga bisa ta bar baƙar inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, shi ya sa ƙwararru suka fi son hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata haskenta ya yi laushi. Idan kuwa dole sai an ɗauka da tsakar rana, inuwar bishiya ko ta zaure ta fi filin Allah, matuƙar wanda ake ɗauka yana fuskantar inda haske ke fitowa. Kuskuren da aka fi yi a ɗakuna shi ne tsayar da mutum ya ba taga baya, sai tagar ta fito tas, fuskarsa kuma ta zama duhu.

Farar babbar riga a jikin baƙin mutum wata jarrabawa ce ta daban. Kyamara kan auna hasken rigar ta rage na hoton gaba ɗaya, fuska ta nutse. Maganin abin shi ne a taɓa fuskar a allon waya kafin a danna, domin a shaida wa na'urar inda ake so ta auna, sannan a ɗan ja alamar haske sama ko ƙasa har sai an ga aikin zare a wuyan rigar bai ɓace ba. Hazon hunturu kuwa, wanda mutane da yawa ke ganin yana ɓata hoto, yakan tace hasken rana ya ba da laushin da masu situdiyo ke kashe kuɗi kafin su samu. Illarsa ita ce ƙurar da ke kwanciya a gilashin idon kyamara, wadda ƙyalle mai taushi ya isa ya kawar.

Na biyu shi ne wurin tsayawa. Zuƙo hoto da yatsu biyu a yawancin wayoyi datse gefe ne kawai da kumbura abin da ya rage, saboda haka taku uku zuwa gaba ya fi shi amfani. Yaro kuma idan za a ɗauke shi sai a durƙusa daidai tsayin idonsa. Kafin a danna, ya kamata a duba kusurwoyi huɗu na allon, domin a nan ne turken lantarki kan tsiro daga kan ango, ko bokiti ya shigo hoton amarya. Layukan nan da ke raba allo gida tara, waɗanda ake kunnawa a saitin kyamara, suna taimakawa wajen miƙe gini da kuma kauce wa dasa kowane abu a tsakiya.

Batun yawan megafiksel da 'yan kasuwa ke tallata waya da shi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Girman ɗan farantin da ke karɓar haske da ingancin gilashi sun fi tasiri, kuma wayoyi da yawa masu megafiksel 48 ko 50 kan haɗe ɗigo huɗu ya zama ɗaya, su fitar da hoto mai kimanin 12.

Na uku, wanda ya fi wuyar koyarwa, shi ne sanin abin da ya cancanci a ɗauka. A shekara ta 2015 wata 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum a jihar Borno a shafin Instagram ƙarƙashin sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga yankin sai ɓaraguzai da sansanonin 'yan gudun hijira. 'Yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar salla da ta nuna sun kai aikinta ga manyan jaridun duniya. Tun kafin ita, Malick Sidibé na ƙasar Mali ya shafe shekaru yana ɗaukar matasan Bamako a wuraren rawa da kuma ɗan situdiyonsa, aikin da ya sa a shekara ta 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Venice a Italiya.

Mai neman horar da idonsa yana da wuraren dubawa. Gidauniyar World Press Photo da ke Amsterdam, wadda ta fara gasarta a 1955, ta ajiye hotunan da suka yi nasara a shafinta na intanet tare da bayaninsu, kuma kallonsu kyauta ne. A nahiyar Afirka akwai bikin hotuna na Bamako da aka fara a 1994, da LagosPhoto da Addis Foto Fest waɗanda duka aka fara a 2010, sai kuma makarantar Market Photo Workshop da David Goldblatt ya kafa a Johannesburg a 1989.

Ina iyakar gyara?

Ga mai ɗaukar hoton biki, share tabo a fuskar amarya wani ɓangare ne na aikin da aka biya shi. A aikin jarida kuwa dokar ta bambanta, kuma an tsaurara ta ne bayan abubuwan kunya da suka faru tun kafin zuwan ƙirƙirarriyar basira.

A shekara ta 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori Brian Walski saboda ya haɗe hotuna biyu na wani sojan Birtaniya da fararen hula 'yan Iraƙi a kusa da Basra ya mayar da su ɗaya. A watan Agustan 2006 kamfanin Reuters ya janye hotuna 920 na Adnan Hajj daga rumbunsa, bayan an gano ya ƙara yawan hayaƙi a wani hoton harin Isra'ila a kan birnin Beirut. A farkon 2014 kamfanin AP ya yanke hulɗa da Narciso Contreras, ɗaya daga cikin waɗanda suka samo masa lambar Pulitzer, domin kawai ya goge kyamarar abokin aikinsa da ta shigo kusurwar hoton wani mayaƙi a Siriya. Wasu sun ga hukuncin ya yi tsauri tun da gogewar ba ta sauya labarin ba, amma hujjar kamfanin ita ce idan aka yarda a cire ƙaramin abu, babu wanda zai iya rantsuwa cewa ba a cire babba ba.

A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima, bayan an kwatanta su da ɗanyen fayil ɗin da ya fito daga kyamara. Ƙa'idar da akasarin kamfanonin ke bi a taƙaice take: an yarda a datse gefe, a ɗan daidaita haske da launi, amma ba a ƙara komai, ba a kuma cire komai.

Wannan ƙa'ida ba ta bar gidan sarautar Birtaniya ba. A ranar 10 ga watan Maris na 2024 kamfanonin AP da Reuters da AFP da Getty suka janye hoton da fadar Kensington ta fitar na Gimbiya Catherine da 'ya'yanta uku, bayan an lura hannun rigar 'yarta bai daidaita ba. Kashegari gimbiyar ta nemi afuwa, ta kuma amsa cewa takan gwada gyaran hoto kamar sauran masu sha'awar abin.

Hatimin shaida

Hotunan da aka ƙirƙira daga babu sun ɗaga matsalar zuwa wani mataki. A watan Maris na 2023 miliyoyin mutane sun gaskata hoton marigayi Paparoma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi, wanda aka haɗa da manhajar Midjourney. A watan Mayun shekarar kuma hoton ƙarya na fashewar wani abu kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ta Pentagon ya sa kasuwar hannayen jari ta ɗan girgiza na wasu mintoci kafin hukumomi su ƙaryata.

Martanin da masana'antar ta mayar shi ne ƙoƙarin sa wa hoton gaskiya hatimi tun daga lokacin ɗaukarsa. A shekara ta 2021 kamfanonin Adobe da Microsoft da Intel da Arm da Truepic tare da BBC suka kafa wani ƙawance mai suna C2PA, wanda ya tsara yadda kyamara za ta liƙa wa hoto bayanin na'urar da ta ɗauke shi da duk wani gyara da aka yi masa daga baya, ta yadda idan aka taɓa bayanin za a gane. Kyamarar farko da ta zo da wannan tsari ita ce Leica M11-P a watan Oktoban 2023, a kan kuɗi sama da dala dubu 9. Sony da Nikon da Canon sun biyo baya, sannan a 2025 Google ya sa shi a wayar Pixel 10. Ta fuskar doka kuma, ƙasar Sin ta wajabta sanya alama a kan abubuwan da ƙirƙirarriyar basira ta samar daga ranar 1 ga watan Satumban 2025, yayin da dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Agustan 2024 ita ma ta tanadi irin wannan sharaɗi.

To sai dai tsarin na da gibi. A watan Satumban 2025 kamfanin Nikon ya dakatar da nasa hatimin bayan an gano wata kafa da za a iya bi a sa kyamara ta shaidi hoton da ba na gaskiya ba. Kazalika yawancin shafukan sada zumunta kan share bayanan da ke liƙe da hoto idan aka ɗora shi. Wani abin damuwa ga masu aiki a ƙasashe matalauta shi ne idan hatimi ya zama sharaɗin amincewa, mai ƙaramar waya da ya ga abu da idonsa zai iya zama abin tuhuma, alhali mai kyamara mai tsada ya wuce salin-alin.

Tsohon hoto, sabon labari

Haka nan kuma hatimi ba ya maganin yaudarar da ta fi yawa, wadda ba ta buƙatar wata fasaha, wato a ɗauko hoto na gaskiya a laƙaba masa labarin ƙarya. Wani bincike da sashen BBC Africa Eye ya gudanar a 2018 ya nuna yadda aka yaɗa wasu munanan hotuna a Facebook a watan Yunin shekarar, ana cewa daga rikicin gundumar Gashish ta jihar Filato suke. An yi kashe-kashe a Gashish da gaske, amma hoton wani jariri da aka yi ta yaɗawa ya riga ya bayyana watanni kafin rikicin, yayin da wani hoton bidiyo kuma a Kwango Brazzaville aka ɗauke shi tun a 2012. 'Yan sandan jihar sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya, wadda ta ci rayukan matafiya da aka tare a kan hanya.

Kan haka ne masu horar da 'yan jarida suka shigar da bin diddigi cikin darussan ɗaukar hoto. Shafin TinEye da manhajar Google Lens kan nuna wuraren da hoto ya taɓa bayyana a baya, kuma ƙungiyoyin tantance labarai irin su Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa da aka kafa a Nijeriya a 2018 na amfani da su yau da kullum. Lambar mota, da rubutun allon shago, da kakin ɗan sanda, da yanayin ciyayi, duk kan tona asirin hoton da aka ɗauko daga wata ƙasa ko wani lokaci.

Shi kuwa mai ɗauka, hujjarsa ita ce fayil na asali. Kowane hoto na fitowa daga waya ɗauke da ranar da aka ɗauke shi da sa'a da sunan na'ura, har da wuri idan an kunna. Idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar kan matse shi ta zubar da waɗannan bayanai, amma idan aka tura shi a matsayin fayil yakan isa yadda yake. Editoci kan kuma nemi hotunan da aka ɗauka kafin wanda ake magana a kansa da na bayansa, domin jerin hotuna goma na abu guda ya fi wuyar ƙirƙira a kan guda ɗaya. Tun a watan Nuwamban 2015 kamfanin Reuters ya umarci masu yi masa aiki a matsayin 'yan zaman kansu da su riƙa turo hotunan da kyamara ta fitar kai tsaye a tsarin JPEG, ba tare da wani gyara mai yawa ba.